Minti Huɗun da Na Yi Shiru

A wajen wani suna a unguwar Harra ta Yamma a nan Madina, wani saurayi cikin 'ya'yanmu haifaffun nan ya tambaye ni sana'ar da na yi kafin in koma sayar da kayan waya. Na ce masa wankin fim. Na yi masa bayani da Hausa, ya amsa mini da Larabci kamar yadda kuka saba, wai ai wannan aikin minti biyu ne a jawwal, wato waya, ka ja yatsa nan, ka ja can, halas. Abokansa suka yi dariya. Ni ma na yi, don bakina cike yake da shinkafa. Amsar da ban ba shi a ranar ba ita ce wannan, kuma duk wanda Hausarsa ta gaza a hanya ya kai wa babarsa ta karanta masa.

A shekarun da nake magana babu gidan kallo a ƙasar nan, amma kowane gida da bidiyonsa. Magidanci yana son iyalinsa su kalli na Indiya, ko na Masar, ko na faɗan mutanen Sin, amma ba ya son ya zauna da rimot a hannu kamar mai gadin banki. Sai ya kawo mana. Mu cire duk abin da uba ba zai iya kallo da 'yarsa ba, mu ɗora muryar Hausa a kai, mu mayar masa. Alkawarinmu ɗaya ne, a bakin kowa yake: kunna ka tafi masallaci. Ranar da kafaɗar mace tsirara ta fita daga shagonmu, ranar sana'ar ta mutu, domin Hausawan Madina ba su da yawan da labari zai kwana bai zagaye su ba.

Shagon yana Al-Azizya, tsakanin mai gyaran takalmi da wata baƙala, wato kantin kayan masarufi. Gaba kaset ɗin ƙira'a ne da wa'azi. Bayan labule kuma akwai ɗakin da in ka yi miƙa sai ka nemi afuwar bango. Nan kayan aiki suke: bidiyo biyu, ɗaya na kunnawa ɗaya na ɗauka, ƙaramar talabijin, makirufo da aka sa wa safa don kada numfashi ya shiga, littafin rubuta mintoci, sai kuma kwali.

Kwalin nan shi ne sarkin kayan. Daga kwalin dabino aka yanko shi, daidai fuskar talabijin, sai dai ya bar faɗin yatsa biyu a kowane gefe. Da zarar fim ya fara lalacewa, sai ka kifa shi a kan gilashin, ka sa fim ɗin gudu, kana duban gefe kawai. Muddin launin fata ko na zanen gado kake gani a gefen, kwali na nan. In sararin sama ya dawo, ko titi, ko bango, sai ka ɗaga, ka rubuta minti, ka yanke daga nan zuwa nan. Maigidana Ammu Bashir ne ya ƙirƙiro shi. Yakan ce, "Wankewa aka ce ka yi, ya waladi, ba a ce ka kalla ba. A Madina kake."

Ammu Bashir Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa da ƙafa suka taso aikin hajji, suka tsaya hutawa a bakin kogi, hutun bai ƙare ba sai a kansa. Hausarsa irin ta dā ce, in ya zage ka sai ka ji kamar ana karanta maka wasiƙar kakanka. Ni kuwa daga Gusau na zo da sunan direba, aka gano ni da motar ba ma jituwa, ya ɗauke ni saboda surutuna. Wata takwas ban taɓa maɓalli ba. Aikina goge kan bidiyo da auduga da turaren kolonya, da mayar da kaset baya. Na mayar da kaset baya har na fara mafarkin rayuwata tana komawa, ina ƙanƙancewa, ana mayar da ni goyo.

Bayan nan aka fara koya mini yatsa. Ku da kuke yanka a waya, in kun yi kuskure sai ku danna ku koma. Mu a kaset in ka makara da numfashi ɗaya, abin ya shiga, sai ka sake aikin tun daga farko. Saboda haka dole ka san ɓarna kafin ta iso. Ammu Bashir yana tsaye a bayana da kofin shayi yana karanto alamomi. In ka ji goge ya tashi a hankali, yatsa ya hau maɓalli. In mace ta cire ɗan kunne ɗaya, ka danna, kada ka jira na biyu. In aka sako ruwan sama a fim ɗin Indiya, ka danna ka fita ka sha iska, ba abin alheri da zai biyo baya.

Aikina na farko ni kaɗai wani fim ɗin Masar ne, na gidan wani injiniya. Tsoro ya sa na yanke da wuri, na kuma yanke da yawa. Jarumi ya shiga ɗaki yana saurayi, ya fito da jariri a kafaɗa. Washegari injiniya ya zo ya ce mahaifiyarsa ta hana kowa barci, tana tambayar a ina aka samo yaron, ko sato shi aka yi. Ranar Ammu Bashir ya koya mini babban sirrin sana'a, wato ɗaurin aure. Duk inda namiji da mace suka shige bayan ƙofa, a daidai wurin yankan sai mai murya ya ce, "To, bayan an ɗaura aure, an sha biki," sannan labari ya ci gaba. Da wannan jimla ɗaya an halatta komai, tsohuwa ta yi barci. Kuma dole ka raɗa musu suna, don mai kallo ba ya bin mutumin da ba shi da suna. Ni Sabi'u na ɗaura auren da babu limamin da ya ɗaura rabinsa. Na aurar da 'yan sanda, na aurar da 'yan fashin teku, na taɓa aurar da wata mata sau uku a fim ɗaya ba tare da ta yi idda ba, Allah Ya yafe mini.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Ɗaliban jami'ar Musulunci sukan tsaya a gaba suna juya kaset ɗin ƙira'a har shago ya watse, sannan su matso su ce wani maƙwabci ne ya aiko su, ko akwai fim ɗin zakuna. Malamansu ba sa zuwa, aike suke yi. Amma ƙashin bayan shagon gidajen likitoci ne da masu haɗa magani da injiniyoyi, masu 'ya'ya a gida da ba sa son Hausa ta kuɓuce musu. Su kuwa duk bakin mutum ɗaya suke bi, Likita Nuhu, likitan ƙashi, mutumin Zariya, wanda ya yi karatu a Turai. Shi ya fara kawo mana aiki, shi ya ce wa sauran mu amintattu ne. Mutum ne da kalma goma ke isarsa yini guda. 'Ya'yansa uku, duka mata, kowane mako da abin da yake kawo musu a wanke.

Sai muguwar shekara ta zo. A lokacin mun bar kaset mun koma faifai da kwamfuta, Ammu Bashir kuma idonsa ya yi rauni, ya bar mini ɗakin ya koma sayar da silifa da ɗamarar harami a Bi'ir Ali. Shekarar ce waya ta fara ɗaukar fim sukutum. Yara suka gano ba sai an wanke musu ba. Ɗalibai suka ɗauke ƙafa, maƙwabtan da ke aiko su ma duk suka shiryu a dare ɗaya. Nakan yini ina hira da makirufo don kada ya manta ni. Abin da ya riƙe ƙofar a buɗe gidajen likitocin nan ne kawai. Da Likita Nuhu zai ce musu aikin Sabi'u ya lalace, da a makon zan mayar wa kafili makulli, wato Balaraben da shagon ke da sunansa.

A shekarar ce matar Likita, Hajiya Bilkisu, ta rasu bayan doguwar jinya. Aka yi mata salla a Harami, aka kai ta Baƙi'a. Kun san abin da muke faɗa a irin wannan ta'aziyya. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Kai, ta dace. Mutuwa a Madina, ga Baƙi'a. Likita, ai barka za a yi maka." Malamai suka faɗa, ɗalibai suka faɗa, ni kuwa na fi kowa ɗaga murya, har da ƙarin cewa da ana musanya da na karɓa. Shi dai yana cewa alhamdu lillahi, yana miƙa wa mutane dabino.

Bayan kamar wata uku ya shigo shago da la'asar, riƙe da babban ambulan irin na hoton ƙashi. Ya wuce bayan labule, abin da bai taɓa yi ba, ya zaro faifai guda.

"Malam Sabi'u, wannan ba na yara ba ne. Nawa ne."

"To, ranka ya daɗe. Na zakuna ne ko na yaƙi?"

"Na Turawa ne. Na gan shi ina ɗalibi. Ko a can sai da aka yi rigima a kansa, wasu gidajen kallo suka ƙi nuna shi, wasu mutane kuma suka ce ba a taɓa yin kamarsa ba. Akwai ƙazanta a ciki, da yawa. Ba na son ta a gidana, ba na kuma son in sake ganinta. Ka wanke mini."

Na ce an gama. Da ya fita na sa faifan a cikin gidan wani faifai mai suna koyon dafa kabsa, don in wani ya yi bincike ya same ni da shi, ba shago kaɗai zan rasa ba, har iƙamata, takardar zamana a ƙasar.

Fim ɗin da wani yare ne da ban taɓa ji ba, da rubutun Turanci a ƙasa, ni kuwa Turancina na kan kwalin magani ne. Amma labarin ba wuya. Wani mutum ne mai furfura a gefen kai. Matarsa ta daɗe a wani asibiti a wani gari, kowane mako yana hawa jirgin ƙasa ya je dubiya. Ta mutu. Shi kuwa bai daina sayen tikiti ba. Ranar ta zagayo, ya sa kwat, ya hau jirgi, ya je ya tsaya a ƙofar asibitin, ya juyo. A jirgin ne yake haɗuwa da wata mata, ita ma kullum ita kaɗai. Wata rana suka sauka a wata tasha a tsakiyar hanya, suka kama ɗaki a wani masauki. Ba ta tambayi sunansa ba. Da ya buɗe baki zai faɗa, ta girgiza kai. Haka suka riƙa yi kowane mako, har ranar da ba ta hau jirgin ba, ya sauka a tashar shi kaɗai, fim ya ƙare.

Daga saukarsu ta farko kwali ya fara aiki. Ban taɓa gajiyar da kwali irin na wannan karon ba, sai da gefensa ya yi laushi. Su shiga ɗaki, in kifa, in sa gudu, in ga fata a gefe, in ga zanen gado, in ga fata, can in ga tagar jirgi, in ɗaga. Fim ɗin awa biyu ne, na fito da minti arba'in da ɗaya. Abin da ya rage jirgi ne, da tasha, da mutum yana kallon taga. In ka gan shi sai ka rantse tallar jirgin ƙasa ce.

Daga nan na yi abin da hannu ya saba. Na jawo makirufo. Mutumin na raɗa masa Alhaji Tanko, matar Asabe. A tasha ta uku na ɗaura musu aure, na ce waliyyinta shi ne mai duba tikiti. Fim ɗin shiru ya yi masa yawa, mutum ya yi minti biyu yana kallon kofi, ni kuwa an koya mini cewa shiru a fim rami ne, mai murya ke cike shi. Na cike. Na sa wa Alhaji Tanko tunani iri-iri, har da na tsadar man girki. A ƙarshe da Asabe ba ta zo ba, na ce ta tafi ganin gida ne, za ta dawo bayan salla. Na saurari aikin na ce kai, Sabi'u, ka mayar da mushe layya.

Kwana biyu da karɓa Likita ya dawo da shi. A duk shekaruna ba a taɓa dawo mini da aiki ba tun jaririn injiniya. Ya ajiye faifan a kan tebur da yatsa biyu, kamar abin da ya ciro daga ƙafar majinyaci.

"Wane ne Alhaji Tanko?"

"Ranka ya daɗe, ai mutum ba ya zama ba suna."

"Su da kansu suka ƙi faɗa wa juna. Shi ne fim ɗin. Kai kuma wa ya ba ka waliccin?"

"Al'adar aikin ce, Likita. In ba a ɗaura ba, zaman nasu ya zama wani abu."

"Ai wani abun ne. Ban ce ka gyara musu lahira ba." Sannan ya ce, "Ina lemon?"

"Wane lemo, ranka ya daɗe?"

"Akwai wurin da yake ɓare lemo. Saboda shi na kawo maka. Sauran duk kana iya zubarwa."

Na rantse masa ban ga lemo ba, ko ɓawonsa. Ya dube ni yadda yake duban hoton karaya, ya ce in duba da kyau, zai dawo bayan kwana goma. Bai ce zai gaya wa kowa komai ba. Ba sai ya ce ba.

Na koma na bi wuraren da na yanke ɗaya bayan ɗaya, ina ɗan zame kwali kaɗan kaɗan kamar mai leƙen tukunyar da ba tasa ba. A shigarsu ɗaki ta huɗu na same shi. Suna zaune a kan gado, babu mai ko zare a jikinsa, shi yana ɓare lemo. Minti huɗu cur. Na mayar da kwali na zauna. In na sa wurin nan, fata ta fita daga shagona, alkawarin kunna ka tafi masallaci ya tashi, kuma faifai ba ya zama a gida ɗaya, sai ya yi yawo. In ban sa ba, Likita ya tafi da gidajen likitoci a aljihunsa. Ta ko'ina makulli ne a hannun kafili.

Da safe na hau mota zuwa Bi'ir Ali. Na sami Ammu Bashir a inuwar wata babbar bas, alhazai farare fat suna ta sauka suna hawa, yana gwada wa wani tsoho silifa da hannu, don ido ya ƙi. Na tsuguna na zayyana masa komai a kunne, saboda wurin ba na irin wannan zance ba ne. Ya yi dariya har silifar ta faɗi.

"Mutum ya kawo maka riga ya ce ka wanke. Ka wanke, ka rina, ka yanke hannu, ka ɗinke aljihu, ka yi mata aiki a wuya. Wa ya koya maka?"

"Kai, Ammu."

"Ni na koya maka na gidan injiniya. Wannan gidan injiniya ne? Ka tambaye shi abin da yake nema a ciki?"

"Ban tambaya ba."

"Ina za ka tambaya, bakinka bai taɓa barin kunnenka ya yi aiki ba. Lemon a ina yake, a jikinsu?"

"A hannunsa."

"Hannu al'aura ne?"

"A'a."

"To, ya waladi, kwalin nan da na ba ka tsakiya yake rufewa ya bar gefe. Wa ya hana ka yanko wanda zai rufe gefe ya bar tsakiya? Tashi ka ba ni wuri, kana kore mini alhazai."

Faɗarsa minti ɗaya, yinsa kwana takwas. Na fara da kwali na gaske, na huda masa taga kamar faɗin tafin hannu, don in iya duban wurin ba tare da na ga abin da ba nawa ba. Sannan na yi irinta a kwamfuta, baƙi ya rufe ko'ina sai tagar. Matsalar ita ce hannu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ya ɗaga, ya sauka, ya matsa kusa da gwiwa, in tagar ta makara da ƙiftawa ɗaya sai cinya ta leƙo. Kwamfutar lokacin ba ta san ta bi abu da kanta ba. Hoto ɗaya ɗaya nake matsar da tagar, in duba kusurwa huɗu, in wuce na gaba. Inda hannun ya bi ta gaban ƙirji sai in matse tagar har ta zama kamar ta ashana, yatsu kawai da ɓawo. Na ƙara girman hoton don ya cika fuskar talabijin, ya ɗan dushe, amma ana ganin komai. A kwana na shida na fara ganin lemo a fuskar mai baƙala.

Da na gama hoto na jawo makirufo, don hannu ya saba. Na share murya. Na kunna. Babu mai magana a wurin, sai ƙarar ɓawo yana rabuwa da lemo, da wani jirgi da ya wuce can nesa. Na buɗe baki in ce, "To, Alhaji Tanko dai," sai na ga ban san abin da zan ɗora ba. Na sake kunnawa, na sake buɗe baki. A karo na uku na cire wa makirufo waya na tura shi ƙarƙashin tebur.

Ga abin da ke cikin tagar. Hannun namiji, da zobe, yana ɓare lemo a hankali, ɓawon yana sauka zare ɗaya bai tsinke ba. Ya cire farin zaren jikin lemon ɗaya bayan ɗaya, irin yadda ake yi wa marar lafiyar da haɗiya ke ba shi wuya. Ya raba biyu. Ya miƙa rabi zuwa hagu. Matar kuwa a damansa take, a hagu babu kowa, gefen gado ne da bango. Hannun ya tsaya a iska da rabin lemo, ya daɗe, har ka fara zaton faifan ne ya maƙale. Can hannun matar ya shigo daga dama, bai karɓi lemon ba, ya kwashe ɓawon daga kan zane ya fita. Shi ke nan.

Ranar da ya ce zai dawo, ya dawo, bayan la'asar. Na ba shi kujerata, ni na tsaya a jikin labule. Na kunna. Ya kalla, hannunsa a kan gwiwa. Da ya ƙare ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "Sake." A karo na uku na fita gaban shago na shiga jera kaset ɗin wa'azin da ke jere tun bara, na bar shi da maɓallin. Na jera su ta haruffa, na warware, na jera su ta tsawon gemun masu wa'azin. Da na ji ya yi gyaran murya na koma.

Yana goge tabarau da bakin riga. Ya ce, ba ni yake kallo ba, "Ni ban taɓa iya ɓare shi zare ɗaya ba. Kullum sai ya tsinke, ta yi ta yi mini dariya, ga ƙarin ruwa a hannunta." Ya mayar da tabarau. "Wata uku kowa barka yake yi mini."

Ban ce komai ba. Ku rubuta wannan, don ba a saba gani ba.

Ya miƙo hannu na ba shi faifan koyon dafa kabsa. Ya zaro na ciki, ya karya shi biyu da hannun da yake ɗora ƙashi, ya ƙara karyawa, ya zuba a kwandon shara. Ya sa faifan da na ɗora wa minti huɗun a aljihun gaba. A bakin labule ya juyo.

"Malam Sabi'u, ina muryar taka? Ban ji ta ba."

"Na ba ta hutu, ranka ya daɗe."

"Ka riƙa ba ta."

Ranar Asabar direbansa ya kawo faifai shida na yara, da saƙon cewa gidan wani sabon likitan ido ma za su aiko. Shagon ya ƙara shekara uku kafin waya ta gama cinye shi, na koma sayar mata da riga da caja, tunda ita ta ci yaƙin.

Kwalayen biyu suna nan a gidana, a saman kwaba, mai rufe tsakiya da mai taga. Saurayin wajen suna, in ka karanta har nan, ka zo da jawwal ɗinka in ba ka fim ka yanka. Yankan na san za ka iya, yatsunku sun fi namu sauri. Abin da zan tsaya in gani shi ne ko kafin ka ja yatsa za ka tambayi mai fim ɗin abin da ya zo nema. Maganar shirun minti huɗu kuwa, na san duk wanda ya san ni zai ce ƙarya nake yi, har matata ta ce sai ta ga shaida. Shaidata ɗaya ne, yana nan da ransa a garin nan, kuma in kun tambaye shi ba zai gaya muku ba.